Ɓarauniyar Humrar Kaka

Kakata tana da kwalabe tara na humra, turaren da ta koyi haɗawa a wajen uwarta tun suna Chadi. Kowace shekara takan haɗa ɗaya da sandal da farcen turare da miski, ta toshe bakin kwalbar, ta jera ta a kabad mai duhu. Sabuwar humra fara ce, mai tsiwa kamar ni. In ta daɗe sai ta yi ja, ƙamshinta ya kwanta. Kaka ba ta rubutu a jikin kwalba. Jerin ne lissafinta, ta dama ita ce babba, wadda ta fi daɗewa.

An hana ni taɓa kabad ɗin. Saboda haka tun ina shekara tara nake taɓa shi. Da Kaka ta kabbara sallar la'asar, in ta manta makulli a jikinsa, sai in lallaɓa in ɗiga ɗaya a bayan kunne.

Da aka zo rushe unguwarmu ta Nakkasa a nan Makka muka koma unguwar Mansur, kawuna ya kwashe kwalaben ya zuba a kwali ɗaya kamar mai kwasar albasa. Jeri ya lalace. Ga shi tun wata mura da ta kwantar da Kaka hancinta ya mutu, ko kifi aka ƙona a cinyarta ba za ta ji ba. Mu kaɗai muka sani.

Sai ga wata Hajiya daga unguwar Hindawiyya, wadda Kaka ta yi wa alkawarin ɗiba daga babbar kwalba. Wannan Hajiya hanci gare ta, tana daga Jidda za ta gaya maka an soya albasa a Makka. Bakinta kuma ya fi hancin nisa. In aka ba ta ƙaramar humra, kafin magariba duk Mansur ta ji cewa tsohuwa ta tashi aiki.

Kaka ta tsaya gaban kwalin tana jujjuya kwalba.

Na ce, "Kaka, kawo in duba."

"Ke tafi can, ya bint. Me yarinya kamarki ta sani?"

Na buɗe ta farko na shaƙa. "Wannan jaririya ce, ta bara, har yanzu cizo take." Na buɗe wata. "Wannan ta shekarar da kika cika kanumfari ce." A ta shida na ji shi, ƙamshin nan mai nauyi kamar tsohon akwatin lefe. Na miƙa wa Hajiya.

Ta ɗiga a wuyan hannu, ta jira, ta lumshe ido. Muka jira kamar shekara uku.

"Mashallah. Ita ce. Kaka, har jikar kika koya wa?"

Kaka ta gyara zama. "To, da wa zan koya wa?"

Hajiya na fita Kaka ta cafke kunnena, daidai wurin da nake ɗigawa.

"Don Allah yaushe kika san da kanumfarin?"

"Ilhama ce, Kaka."

"Ilhamar gidanku! Ni ina ta zargin zafin Makka da shanye min turare, ashe zafin nan ƙafa biyu gare shi. Yalla, jera min su."

Na jera su tsaf a kabad, daga babba zuwa jaririya. Ta kwance makullin kabad daga bakin mayafinta ta jefo min. Yanzu da izini nake buɗewa, kuma gaskiya ƙamshin sata ya fi daɗi.