Allurar Baba da Ƙasar Gonarsa

Ni na jawo, da bakin nan nawa da ba ya rufuwa.

Turawa ba su daɗe da naɗe tabarmarsu ba, ina sabon malamin firamare a Makarfi. Ga wando ya sha guga, ga alƙalami biyu a aljihu, ɗayan ma ba ya rubutu. Sai tarin fuka ya kama mahaifina, manomin dawa a Malikanchi, har yana tofar da jini. Na ɗauko shi ya dawo wurina, domin malamin asibiti ya ce allura ce kullum, wata da watanni, ba fashi.

Tarin bai dami Baba kamar allurar ba. Dattijo da furfurarsa, a ce kowace safiya ya kwance zariyar wando ya juya wa sa'an ɗansa mazaunai! "Ko uwarka ba ta taɓa ganina haka da rana ba," in ji shi. Amma maganin ya karɓe shi. Wata biyu jinin ya tsaya, ya koma tashi da malmala biyu yana kushe miyar.

Ranar da aka yi ruwan farko muna zaune a zaure, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata. Baba ya shaƙa ya lumshe ido. Ni kuwa uban 'yan sani, ba a tambaye ni ba na ce, "Baba, kun san masu ƙamshin nan? Wasu halittu ne a cikin ƙasa, siri-siri kamar zare, ido ba ya ganinsu. Su ke ruɓar da kara ya zama taki. Allurar da ake yi muku ma daga jikinsu aka samo ta."

"Daga ƙasa?"

"Daga ƙasa."

"Irin ta gonata?"

"Ita fa."

"Kai, amma an cuce ni! Ina da gona guda cike da magani nake tuɓe wa yaro wando?"

Dariya na yi, wallahi. Washegari na dawo daga makaranta, ba Baba ba buzunsa. Ya bi motar kasuwa ya koma gida.

Ranar Asabar na bi shi a keke. Na tarar ya ɗebo ƙasa daga gindin ɗorawar gonarsa, ya jiƙa a ƙoƙon da yake shan rubutu, ya yi bisimilla ya shanye. Na ce ai ba haka ake yi ba, sai an tace.

"Na tace, da bakin rawanina."

Na ce in aka yanke allura ciwon da ƙarfinsa yake dawowa. Na yi magiya, na yi faɗa, har hawaye na yi.

"Da bakinka ka faɗa, Malam," ya ce. "Ko karatun naka ƙarya ne? Matsa, shuka zan yi."

Ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai. Kafin dawa ta fid da kai jinin ya dawo. A kwance na mai da shi Makarfi, kuma wannan karon ni na kwance masa zariyar. Allurar ba ta ƙara karɓarsa ba. Na ji haushinsa ƙwarai, amma na fi jin haushin kaina.

Da aka haƙa kabarinsa ƙasar a jiƙe take, ƙamshin ya cika maƙabarta. Wani tsoho da ke kusa da ni ya shaƙa, ya dube ni ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatu, me ke kawo ƙamshin nan ne?"

Na ce masa, "Allah Shi ne masani."