Zoben Ɗanliti Mai Jita

Da hantsin ranar Laraba wayata ta yi ƙara ina zaune a ƙofar gida a Karaye. Bashir ne daga Rogo, babban ɗan abokina Ɗanliti Mai Jita. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba ne. Ya ce, "Baba Tica, Allah ya yi wa Baba rasuwa ɗazun nan a zaure." Na yi salati, na yi masa ta'aziyya, na tambayi lokacin jana'iza. Sai ya ce, "Abin da ya sa na kira ka da kaina ke nan. Mai wanka ya shiga ya fito. Ya ce ba zai taɓa shi ba muddin zoben nan yana hannunsa yana walƙiya."

Na sa hula na nemi ɗan acaɓa. Ni na san zoben, domin ni na haɗa shi. Ina rubuta wannan ne saboda waɗanda suka ji labarin daga nesa, kuma suka ji shi a karkace.

Aji ɗaya muka yi da Ɗanliti a firamare a Rogo. Ni na ci gaba har kwaleji, na karanta kimiyya, na dawo na koyar da ita har gashina ya yi fari. Shi ya tafi Kano yana saurayi, ya dawo da jita a kafaɗa. Wanda garin ya fi tunawa da shi a cikinmu, ban taɓa jin an yi gardama a kai ba. Babu bikin da ake yi daga Rogo zuwa Zoza, har Yolar Karaye, da ba a so a ce Ɗanliti ne zai yi wasa.

Mutum ne mai ƙa'idojinsa. Bai taɓa yi wa kowa zambo ba, ko an roƙe shi. Yakan ce, "Wanda na zaga yau, gobe a jana'iza za mu haɗu, ina zan sa idona?" Idan ladan ya ɗaga murya yana tsakiyar kiɗa, nan take yake ɗora tafin hannu a kan wayoyin jitar, ko da amarya ce a tsakiyar fili. Da na yi ritaya, waɗanda na koyar suka manta hanyar gidana, shi bai manta ba. Yakan zo da gyaɗa a leda, ya zauna ya saurari ƙorafina a kan yadda makarantu suka lalace, in na gama ya ce, "To Tica, ka huce? Miƙo ruwa." Bai taɓa ce min ina da gaskiya ba, bai kuma taɓa ce min ba ni da ita ba.

Abin da ya bambanta kiɗansa da na sauran masu jita shi ne wata feda da yake takawa da ƙafar dama. Idan ya danna ta gaba, muryar jitar ta buɗe kamar mai kira daga nesa. Idan ya mayar da ita baya, muryar ta dushe kamar mai magana a cikin tulu. Da wannan yake sa jita ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yi shagwaɓa. Sai ciwon suga ya ci ƙafar, likitoci suka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ta hagun kuma ta riga ta mutu da jijiya, ba ya jin abin da yake takawa. Ya gwada wasa ba feda a wani biki, ya dawo ya rataye jitar. Ya ce min, "Kamar miya ce ba gishiri. Suna tafi ne don kunya." Damina guda ta wuce bai taɓa ta ba, kuma bai yi wa kowa kuka ba.

Ƙaninsa da ke sayar da kayan sauti a Kano shi ya samo masa zoben. An aiko shi a ɗan kwali da takardar bayani cikin Turanci, shi ya sa aka kira ni. Ba zoben azurfa ba ne, na roba ne, mai ɗan kauri, da maɗauri da maɓalli ɗaya da 'yar fitila shuɗiya. A cikinsa akwai batir da wata ƙaramar na'ura mai jin motsi da karkatar hannu. Tare da shi akwai ɗan abin karɓar saƙo da ake cusawa a jikin akwatin sauya sauti, shi kuma akwatin yana tsakanin jita da lasifika. Babu waya tsakanin zoben da akwatin, saƙon ta iska yake tafiya, kamar na rimot ɗin mota.

Muka yi masa caji a shagon mai sola, muka jona akwatin da batirin motar da yake wasa da shi. Na danna maɓallin zoben na riƙe har fitilarsa ta daina ƙyaftawa da sauri, alamar sun gane juna da akwatin. Sannan aka zo wurin da ya fi wuya, wato koya wa zoben inda hannu yake hutawa. Dole mai wasa ya ajiye hannunsa daidai inda yake kaɗa wayoyi, ya tsaya cak, a danna, domin daga nan na'urar za ta riƙa auna sama da ƙasa. Ɗanliti bai iya tsayawa cak ba. Da na ce kada ya motsa sai ya tuna wani labari, hannu ya tashi. Na ce, "Kai, ko ɗaliban aji ɗaya sun fi ka natsuwa." Ya ce, "Su ai bulala suke tsoro." Sai da matarsa Hajara ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, ce masa ya riƙe numfashi kamar za a yi masa allura," sannan aka samu.

Akwai wani abin murɗawa a jikin akwatin da ke rage ko ƙara yadda zoben yake jin motsi. Da farko ya yi yawa, ko ƙuda ya kora sai jitar ta yi ihu. Muka yi ta ragewa har ya zama sai ya karkata hannu da niyya. Ya kaɗa waya ɗaya, ya ɗaga hannun a hankali, muryar ta buɗe. Ya sauke, ta dushe. Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Bai ce na gode ba. Ya juya fuskarsa wajen bango ya ce akwai hayaƙi a zauren. Babu wanda ya hura wuta a gidan.

Bikin farko da ya koma, a Rogo ne, ina wurin. Yana cikin wasa sai wakilin hakimi ya iso. Ɗanliti mutum ne da ba ya barin babba ya wuce bai gaishe shi ba. Tunda ba ya iya miƙewa, sai ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana jinjina, alhali wayar da ya kaɗa ba ta gama amo ba. Jitar ta buɗe murya ta yi wani dogon kuka mai rawa, daidai da rawar hannunsa, ba wanda yake taɓa ta. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Wani ya ce, "Wallahi jitar ce ta gaida Wakili!" Shi kansa Ɗanliti ya firgita, na gani a fuskarsa. Amma kafin a tashi ya riga ya gane abin da ya samu, kuma daga ranar duk babban da ya shigo fili sai jita ta gaishe shi.

Kafin kaka ta kama, magana ta zagaye gari. Aka ce zoben tsafi ne. Aka ce ƙafar ba ciwo ne ya ci ta ba, bayar da ita ya yi aka ba shi zoben. Waɗanda suka fi yaɗa wannan ba jahilai ba ne. Har da waɗanda suka zauna a gabana na koya musu yadda rediyo yake kama tasha, suka rubuta a jarrabawa suka ci.

Na je na same shi na ce ya tsaya a gaban jama'a ya buɗe abin ya nuna musu batir. Ya yi dariya ya ce, "Tica, in na nuna musu batir, wa zai taso daga Zoza don kallon batir? Kada ka ɓata min kasuwa." Na ce sunansa yake ɓatawa. Ya ce, "Allah ya san roba ce." Na ce Allah ya sani, maƙwabta ba su sani ba. A nan muka bar ta. Ba zan ɓoye ba, wannan kuskurensa ne, kuma ba na jin faɗinsa ya rage masa komai. Mutum ne da aka mayar da shi abin tausayi, sai ya samu hanyar da za a sake kallonsa da mamaki, ya kasa sakinta.

Amma ya ga abin da ya biyo baya. A masallaci aka fara barin ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi a sahu, duk da kowa yana ganin yana cire zoben ya jefa a aljihu kafin alwala. Matan unguwa suka rage shiga wurin Hajara. Zuwana na ƙarshe ya ce min, "Abin ya fara isa gida. Bari bukukuwan nan su wuce, ka zo mu tara su ka yi musu darasin naka." Bukukuwan ba su wuce ba ajali ya zo. Yana gwada wani sabon kiɗa a zaure da safe, Hajara ta ji jitar ta yi shiru, ta aiko a duba.

Da na isa, mutanen da ke ƙofar gidan ba su kai rabin abin da ya kamata ba, kuma yawancinsu a tsaye suke daga nesa. Malam Tanko mai wanka yana gefe yana jan carbi. Na shiga zauren. An rufe shi da mayafi, hannun dama a waje, fitilar zoben tana ƙyaftawa a hankali tana neman akwatin da Bashir ya riga ya kashe. Na kwance maɗaurin, na danna maɓallin, ta mutu. Na fito da shi a tafin hannuna na ce ga shi, roba ce da batir. Sai na ji wani daga baya yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ashe shi ma ya san sirrin."

Limamin unguwar dattijo ne da ba ya yawan magana, kuma bai taɓa zuwa wurin kiɗa ba a rayuwarsa. Ya ce, "Malam, abin nan yana aiki ba tare da jita ba?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai fitilu a jikin akwatin da ke bin motsin hannu, ba sai an yi kiɗa ba." Ya ce a fito da shi. Bashir ya fito da akwatin da batirin ya ajiye a kan tabarma, na jona, na kunna zoben. Liman ya miƙo yatsansa. Wani ya ce, "Malam, a yi hattara." Bai kalle shi ba. Na ɗaura masa. Ya ɗaga hannu, fitilun akwatin suka hau. Ya sauke, suka sauka. Ya ce, "Daga ina zuwa ina yake ji?" Na ce ba ya nisa.

Sai ya taka ya nufi masallaci yana ɗaga hannu yana saukewa. Kafin ya kai ƙofa fitilun suka tsaya. Nan take wani ya ce, "Kun gani! Ya ji tsoron masallaci." Liman ya ji. Ya juyo ya wuce mu, ya nufi ɗaya ɓangaren, wajen rumfar mai shayi. Nan ma fitilun suka tsaya. Ya dawo a hankali, ya tsaya a gaban mai maganar ya ce, "To, shayi ma yana tsoro." Wasu suka sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransu a gidan mutuwa.

Ya cire zoben ya miƙa wa Bashir. Ya ce, "Mutumin nan a bayana yake sallah tun kafin a haifi wasunku. Kun ce masa matsafi yana raye, bai kai ƙararku ko'ina ba. Yanzu ba zai ji ban haƙurinku ba, amma ga iyalinsa nan." Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce a kawo ruwa, shi zai yi wankan da kansa. Malam Tanko ya taso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai aikina ne." Liman ya ce, "Ɗazu ma aikinka ne. Shigo ka riƙe buta."

Bayan azahar aka yi masa sallah. Sahun ya fi abin da na tarar da safe, bai kai abin da ya cancanta ba. Wasu sun shiga sun ba Hajara haƙuri, wasu har yanzu suna kan maganarsu, ba na kuma sa ran wannan rubutu zai sauya su. Na dai faɗi abin da na sani, ni da na buɗe kwalin da hannuna.

Allah ya jiƙan Ɗanliti, ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Hajara da Bashir da ƙannensa haƙurin rashi, ya tsare su daga bakin mutane, ya ba su maƙwabtan da za su riƙa shiga gidan. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a samu wanda zai wanke mu ba tare da gardama ba. Amin.