Gyaran Murya a Babin Gado

Shekarar da malamina ya zo duba karatuna, ruwa ya yi yawa a ƙasar Haɗeja. Kogi ya cika ya malale fadama, har ya zo ya kwanta a bayan zauren da nake karantarwa. Da hantsi hasken ruwan yakan shigo ta ƙofa ya yi ta rawa a jikin azara, mu kuma muna ƙasa muna karatu kamar waɗanda ke zaune a cikin ƙwarya. Yanzu da na tsufa, wani lokaci nakan kasa raba abin da na gani da abin da na yi mafarki a wannan daminar.

Al'adarmu ita ce, idan malami ya ba almajirinsa izinin buɗe zauren ilimi, bayan 'yan shekaru sai ya zo da kansa ya saurari abin da ake koyarwa. In ya gamsu ya sa albarka. In bai gamsu ba, sai ya ce wa ɗaliban su koma wurin wane, shi ke nan zaure ya mutu, ba faɗa ba tsawa. Ni kuwa ba ni da wata sana'a. Ko fartanya ban iya riƙewa da kyau ba.

Ɗalibaina magidanta ne, manoman shinkafa da masunta da wani majemi, sukan zo da laka a ƙafa da gafaka a kafaɗa. Na yi ta ja musu kunne kafin ranar zuwan malam. Ina da ji da kai a lokacin, gani nake duk gabashin ƙasar nan babu mai fassara irin tawa.

A kwale-kwale aka kawo malamina. Na hango shi daga nesa tsakanin furannin bado, ɗan tsoho cikin farar riga, tsuntsayen ruwa suna tashi a gabansa suna sauka a bayansa. Bayan an gaisa ya ƙi hawa buzuna, ya nemi gefen tabarma ya jingina da bango.

"Ba kai zan saurara ba, ɗana," in ji shi. "Na san muryarka. Su nake son ji."

Ya ce kowa ya maimaita darasi daga babin rabon gado, ya karanta Larabcin ya fassara kamar yadda aka koya masa. Majemin ya fara. Yana tafiya sumul, ni kuma ina jin daɗi har cikin ƙashina. Da ya iso wata mas'ala mai wuya ta rabon kaka da 'yan'uwa, sai ya yi gyaran murya, ya ɗan yi tari, ya tsallake zuwa layi na gaba. Na biyu ma haka ya yi. Na uku, wani masunci mai ƙatuwar murya, ya yi nasa tarin har da dafa ƙirji.

Malam ya rufe ido. Na ɗauka barci ya kwashe shi, don iska tana kaɗawa, ruwa yana ta lasar bango. Can sai ya buɗe.

"Me ya sa kuke tari a nan?"

Suka dubi juna. Masuncin ya ce, "Allah gafarta malam, ai haka ake karanta wurin. Haka malaminmu yake yi."

Malam ya juyo gare ni. Wallahi ban taɓa sanin ina yi ba sai a lokacin. Na ce, "Allah gafarta malam, ni ma haka na ji daga bakinka."

Ya sunkuyar da kai. Tsoro ya kama ni sosai, na fara tunanin wanda zai ɗauke ni aikin korar tsuntsu a gonar shinkafa.

"Tarin nan nawa ne," in ji shi a hankali. "Ban fahimci mas'alar ba tun ina saurayi, kunya ta hana ni faɗa. Ga shi yau na tarar da shi ya haihu ya yi jikoki a bakin kogi. Wa ya san marayan da aka tauye wa haƙƙi saboda shi."

Tausayinsa ya kama ni fiye da tausayin kaina. Bai rufe mini zaure ba, amma ya kafa sharaɗi a gaban kowa: duk lokacin da na iso wurin nan, in ajiye takarda in ce ban sani ba, malamina ma bai sani ba, mai bukata ya tafi gaba ya tambaya.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Da zagayen karatu ya dawo kan babin, akwai sababbin ɗalibai da suka zo daga nesa saboda sun ji ana yabona. Maƙogwarona ya yi ta ƙaiƙayi, tarin yana neman fitowa da kansa. Na haɗiye shi, na ajiye takardar a kan buzu, na dubi fuskokinsu na ce, "Nan ban sani ba. Malamina ma bai sani ba."

Washegari wasu daga cikinsu ba su dawo ba. Na karantar da waɗanda suka zo.