Hannun da 'Yata Ta Ɓoye

Ko da zan manta komai na zamana a Riyad, ba na jin ranar da na taɓa fiyano a gaban yara za ta fita daga raina.

Direban gida ne ni a lokacin, ina zaune a unguwar Utaiqa da iyalina. Matar kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ta sa 'yarta a ajin koyon fiyano na ƙananan yara, sai ta ce a haɗa da tawa don su riƙa tafiya tare. Ni mutum ne mai yawan zullumi. Sai da na yi ta tambayar masu ilimi da juyayi kafin na yarda, kuma abin da ya karya min zuciya shi ne 'yar tawa ba ta da wata ƙawa a duniya sai wannan yarinyar.

Ajin ɗan ƙarami ne, kowane yaro da fiyanonsa, mu iyaye da direbobi muna leƙe ta gilashi. Da hannun dama aka fara, 'yata kuwa ta yi fice. Amma ranar da malamarsu, wata 'yar Masar, ta ce a ɗora hagu, sai 'yata ta tura hannun ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Aka yi lallashi, ta ƙi. Mako ya zagayo, haka. Malamar ta kira ni gefe ta ce ajin tare yake tafiya, in abin ya ci gaba dole ta mayar da ita wajen 'yan farawa. Wato a raba ta da ƙawarta ke nan.

Hankalina ya tashi. Na matsa hannun, na lanƙwasa yatsun, har asibiti na so kai ta. Uwarta ta ce, "Malam, hannun da take tsokanar ƙaninta da shi ne ba shi da lafiya?"

A mota na tambaye ta a hankali. Ta sunkuyar da kai, cikin Hausarta mai haɗe da Larabci ta ce, "Aib ne, Baba. Kai ka ce hannun shiga bayi ne. Kayan Malama fa."

Bahaguwa aka haife ta, kuma kamar kowane gida namu, mun koya mata ba a ci da hagu, ba a karɓa, ba a miƙa wa babba abu da shi. Ita a ganinta, taɓa kayan malamarta da wannan hannu raini ne. Ladabi take yi, ana shirin hukunta ta a kansa. Na yi bayani iya bayani, amma ta ƙi yarda, don ba ta taɓa ganin na saɓa wannan doka ba.

Ranar darasi na gaba na nemi izini na shiga ajin. Na durƙusa kusa da ita, na ɗaga hagu kowa ya gani, na danna fiyanon. Wani ƙara ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yara suka kwashe da dariya, wani ɗan ƙarami har da faɗowa daga kujera. Na sake dannawa.

"Baba, ba haka ba ne!" in ji ta. Ta zaro hannun ta ture nawa, ta buga abin da aka koya musu tiryan-tiryan. Ashe duk makonnin nan tana biye da su a ranta. Malamar ta tafa, ƙawarta ta rungume ta, ni kuwa na lallaɓa na fita waje.

Har yau da dama take cin abinci, kuma ina alfahari da haka. Amma na koyi cewa yaro ɗaukar magana yake dungurungum. In za ka hana shi abu, gaya masa inda hanin ya tsaya, in kuma bai gane ba, sauko ka nuna masa da kanka.