Dabo Tela da Mai Faifai

Idan ka kai wa Dabo Tela yadi biyar, sai ya auna shi a gabanka, ya juya ya sake aunawa ta ɗaya gefen, sannan ya ɗago ya dube ka kamar kai ka saƙa shi. Ba mugunta ba ce, haka Allah ya yi shi. Shekara tara shagona na cajin waya yana jingine da nasa a bakin kasuwar Gwarzo, tare muke cin rogo da ƙuli, amma har yau in ya kawo wayarsa sai ya ɗaura mata jan zare don kada in musanya masa. Ni Bashari, da ko allurarsa ban taɓa ɗauka ba!

A Madadi aka haife shi, gidan manoma. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka sayar wa babansu takin zamani da aka cuɗa da yashi, damina guda ta tafi a banza. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to shi Dabo ko zaren lilo ya gani tsalle yake yi. Ya koyi ɗinki a birni, ya dawo da keken ƙafa, ya yi aure, ya haifi uku, amma halin bai bar shi ba.

Mutum ɗaya ne a duniya ya tsira daga wannan ido, wato Badamasi, ɗan gwaggonsa Asibi da aka aurar gidan malamai a Kabo. Taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, babu kunya a tsakaninsu. Badamasi malamin Islamiyya ne mai nutsuwa, amma da ya hango Dabo sai ya ajiye malantar a gefe.

"Bawana, har yanzu kana ɓata wa bayin Allah yadi?"

"Ka ji wawa. Wa ya kwance ka daga turke ka shigo gari?"

Haka suke gaisawa tun suna yara, kuma a nan kaɗai nake ganin haƙoran Dabo.

Shekarar da aka cire tallafin mai, ɗinki ya ja baya. Wanda bai cika tukunya ba ina zai yi sabuwar riga? Sai faci da rage wuya. Zaman banza ya yi mana yawa, har Zayyad mai shagon magani ya koya mana wani wasan waya da ake yi biyar da biyar. Hanyoyi uku ne a fili, kowace da hasumiyoyi, kowa ya zaɓi gwaninsa, ƙungiyar da ta rushe gidan abokan karawa ita ta ci. Gwanayen suna da sunayensu na can da baki ba ya iya kamawa, sai muka raɗa musu namu.

Dabo ya ɗauki Maharbi, mai tsayawa daga nesa yana sakin kibiya. Ya dace da shi, tunda ba sai ya matsa kusa da kowa ba. Badamasi ya ɗauki wata ƙatuwar mata mai garkuwa zagayayya, Dabo ya ce ai wannan Gwaggo Asibi ce da faifanta, sunan Mai Faifai ya bi ta. Su biyun hanya ɗaya suke tsarewa. Duk Alhamis, ranar da babu makaranta, Badamasi zai hau babur daga Kabo, mu cika shagon Dabo daga hantsi zuwa azahar. A ƙarshen kowane wasa Dabo zai nuna allo ya ce, "Ku duba, na kashe goma sha biyu. Wawan nan kuwa sau bakwai ya mutu, bai kashe ko kaza ba." Badamasi sai ya yi dariya ya rama da abin da ya fi haka.

Matsala ta faro daga 'yan tasha, wasu direbobi da muke karawa da su. Suka cinye mu sau uku a jere, Dabo ya ce ba banza ba, akwai mai leƙen wayoyinmu yana kai musu labari. Ya samo atamfa shida ya haɗa labule ya rufe ƙofar shago ruf. Na ce masa, "Dabo, ƙarti biyar a bayan labule da rana tsaka suna ihu, me kake so mutane su ce?" Ya ce ai ni ma bai gama yarda da ni ba.

Ba a yi wata ba, ranar wata Alhamis 'yan Hisba uku suka yi sallama suka ɗaga labulen. Sun zaci caca ake yi. Suka duba, babu karta babu komai, sai wayoyi da ragowar yadi. Babbansu ya yi mana nasiha a kan lokacin salla, ya ce a cire labulen don shi ya jawo hankalinsu, suka tafi. Da kunnena na ji, Dabo ma da kunnensa ya ji. Amma ranar Badamasi bai zo ba, ya aiko cewa babu mai a babur. Dabo ya zauna yana kaɗa ƙafa a kan keken da babu zare.

"Me ya sa sai yau?" in ji shi.

"Saboda yau ce ba shi da mai."

"Babban nasu ba a gidansu Badamasi ya yi karatu ba?"

"Rabin ƙasar nan a gidansu suka yi karatu, Dabo. Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya."

Ina! Magana ta riga ta zauna.

A wurin wani suna a Kutama ya fasa ta, dangi cike da ƙofar gida. Da Badamasi ya iso, Dabo ya ɗaga murya ya ce, "Ga wawan nan mai kai rahoto!" Aka yi dariya, an ɗauka wasan da aka saba ne. Badamasi ma ya buɗe baki zai rama. Sai Dabo ya ɗaure fuska ya ce, "In ba kai ba ne, a ɗauko Alƙur'ani ka dafa." Taubashi yana iya kiran ka ɓarawo a tsakiyar kasuwa ka yi dariya, amma ba ya neman ka da rantsuwa. Badamasi ya daɗe yana kallon sa, sannan ya ɗan rusuna ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam Dabo."

Tun daga ranar Badamasi bai sake ce masa bawa ba. In sun haɗu sai gaisuwa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, da hannu biyu. Ya aiko wa Zayyad cewa ɗalibai sun yi masa yawa, a nemi wani. Dabo ya ce ko a jikinsa. Ƙarya yake yi, don na ga yadda yake miƙa wuya duk Alhamis in babur ya tsaya.

Muka samu Ƙasim, wani dillalin hatsi daga Masanawa, wanda ya ce shi Maharbi kaɗai ya iya. Muka haɗa baki muka ce wa Dabo, tunda shi ya kori mai Mai Faifai, shi zai ɗauke ta. Ya ce dama shirin da muka ƙulla ke nan.

Ban taɓa ganin abin tausayi da ban dariya irin makon farko ba. Matar nan ba ta da kibiya, tafiyarta kamar an ɗora mata buhu. Aikinta biyu ne. Tana jefa wa abokin tafiyarta igiya, in ta kama shi, rabin duk dukan da aka yi masa a jikinta yake sauka. Sannan ita ke fara shiga ciyawar da abokan gaba ke ɓuya, don in akwai kwanto ya faɗa a kanta. Dabo kuwa ya san akwai mutum a kowace ciyawa, a nan kam babu wanda ya kai shi, sau da yawa ma gaskiyarsa ce. Amma sai ya tsaya a baki yana leƙe, ya bar Ƙasim ya wuce gaba a yi masa rubdugu. In ya jefa igiya ya ga jininsa na raguwa, sai ya tsinke ta ya ja da baya.

"Shiga mana!" in ji Zayyad.

"In na shiga wa ya ce zai biyo ni?"

"Ai ba za ka sani ba sai ka shiga."

Wajen mako na uku ya fara shiga, yana yi yana tsaki. Wata Alhamis 'yan tasha uku suka yi wa Ƙasim kwanto. Dabo ya jefa igiya, ya tura faifai gaba, ya tsaya yana shan duka har Mai Faifai ta faɗi. Ƙasim ya tsira da ɗan guntun jini, ya harbe ukun duka, muka rushe gidansu. Muna cikin murna Ƙasim ya ɗaga waya ya ce, "Ku duba, na kashe goma sha ɗaya. Tela kuwa sau shida ya mutu. Anya ba tare da su kake ba, Tela?"

Na zaci Dabo zai yi faɗa. Sai ya buɗe tarihin wasanninsa na baya, ya dinga ja da yatsa yana duba layin Badamasi, ya mutu sau bakwai, sau tara, sau shida, wata da watanni. Can ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Bashari, ni ban taɓa ganin igiyar nan ba. Ta bayana take." Ya yi mini ciwo a rai, duk da haushinsa da nake ji.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a ya ce in kai shi Kabo. Ya zuba mai da kansa, bai ko tsaya duba ko mai man ya cika kwalbar ba, abin da ban taɓa gani ba.

Muka tarar da Badamasi a zaure. Ya miƙe tsaye, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya kawo ruwa a kofin baƙi. "Sannunku da zuwa, Malam Dabo. Yaya hanya? Yaya mutan gida? Madalla, madalla." Kowace gaisuwa sai na ga Dabo ya ƙara ƙanƙancewa. Ya yi ta murza hula. Daga ƙarshe ya zaro waya, da jan zarenta, ya ce, "Matar nan ce ta gagare ni. Na ce ko za ka duba mini."

"Ai kun fi mu sani, Malam. Amma bismilla."

Dabo ya shiga wasa da baƙin mutane, Badamasi na zaune a gefe ya harɗe hannu. Ya jefa igiya ta faɗi a ƙasa. "Ba laifi," in ji Badamasi. Ya sake jefawa ta kama wanda bai kamata ba. "Madalla." Gumin Dabo na ɗiga a kan allo. Sai ga maharbinsu an biyo shi, ga ciyawa a gaba. Dabo ya rufe ido ya faɗa ciki da faifai, ya manta bai jefa igiyar ba. Aka kashe shi, aka kashe maharbin.

Badamasi ya zabura har ya ture kofin ruwa.

"Kai, wawan bawa! Igiyar ta ado ce? Ka mutu a banza kamar kazar da mota ta taka! Ba ni nan, ɗinkin ma haka kake yi wa mutane!"

Sai ya tsaya cak, hannunsa a kan wayar, ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Dabo bai saki wayar ba. Idonsa ya kawo ruwa, ga haƙoran nan da na yi wata uku ban gani ba duk a waje.

"Me ka ce? Ban ji ba," in ji shi. "Sake faɗa."

Ya ji sarai. Ni da ke bakin ƙofa ma na ji.