Masar Inna da Ƙungiyar da Ta Ƙi Faɗuwa

Shekara goma sha ɗaya Yayana ya yi a Amurka bai leƙo gida ba, saboda rashin takardu. Shekarar da takardun suka fito kuma ita ce shekarar da ciwon zuciya ya kwantar da Babanmu.

Aikin Yaya a can shi ne gyaran filin wasan besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki a ruga a guje. Shi ke ba ciyawa ruwa, ya baje ƙasa, ya ja tamfol idan hadari ya taso. Mu a nan Zongo dariya abin yake ba mu, don kafin ya tafi a lambunan bakin dam na Tangin yake ban ruwan salak. Baba yakan ce ɗansa ya ƙetare teku don ya shayar da ciyawar da ko akuya ba ta ci.

Ba a ba ma'aikatan filin hutu sai ƙungiyarsu ta gama wasanninta na shekara. A watan Yuli Yaya ya kira ni, muryarsa cike da murna.

"Auta, gaya wa Baba farkon Oktoba ina gida. Ƙungiyarmu bana ba ta da katabus. Ƙarshen Satumba za a sallame mu, in ɗauki konje, hutuna na shekara, in yanki biye na jirgi."

Ban taɓa jin mutum na yabon lalacewar wurin aikinsa da irin wannan farin ciki ba.

Abin da Yaya bai sani ba shi ne yadda jikin Baba ya yi nisa. Ƙafafunsa sun kumbura, daga ɗaki zuwa bakin zaure sai ya huta sau biyu. Likita ya ja ni gefe ya ce idan akwai na nesa a kira shi. Baba kuwa ya kafa mana doka. Tsohon ɗan kasuwar atamfa ne, shekara arba'in bai taɓa rufe rumfa kafin lokaci ba.

"Uwata," ya ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "duk wanda ya tayar masa da hankali ya baro aikin mutane a tsakiya, ban yafe ba."

Na fita tsakar gida na yi ta surfa masifa ni kaɗai, amma ban karya dokar ba.

Daga ranar na zama 'yar kallon wasan da ban taɓa gani da idona ba. Kullum bayan sallar asuba, kafin in hau babur zuwa kantin maganin da nake aiki a unguwar Zogona, sai in buɗe waya in duba sakamakon jiya. Kusan kullum suke wasa, mutanen nan ba sa gajiya. A hankali na gane tsarin. An kasa ƙungiyoyin rukuni-rukuni, biyar a kowanne, kuma duk wadda ta zo ta ɗaya a rukuninta za ta wuce zagayen neman kofi a watan Oktoba, komai lalacewarta.

Nan gizo ke saƙar. Ƙungiyar su Yaya ba ta da kirki, gaskiya ne, amma sauran huɗun da ke rukuninsu sun fi ta rashin kirki. Yau ta ci, gobe a ci ta. In ta sha kashi in yi hamdala, sai in duba ƙasa in tarar masu bin ta a baya su ma duk sun sha. Da a wani rukunin take, da tuni an manta da ita. A nata kuwa tana zaune a sama daram. Na tsani ƙungiyoyin nan huɗu kamar sun ci mini gado.

Ita kuwa Inna ba ta san komai a kan wannan ba. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "wancan". Tun ranar da ya sami aikin, duk Juma'a take soya masa ta raba sadaka a ƙofar gida, da niyyar Allah ya ɗaukaka masu gidan wancan, ya ba su nasara a kan abokan hamayyarsu. A tunaninta ƙungiya kamar rumfar kasuwa ce: in maigida ya yi ciniki, yaron shago ya ji daɗi.

Wata Juma'a a tsakiyar Satumba na tashi na ga sun ci wasa uku a jere. Na fito na same ta gaban tanda, tana zuba ƙullu tana addu'arta a fili. Raina ya ɓaci.

"Inna, don Allah ki daina! Ke ce kike riƙe shi a can. In suka ci gaba da cin wasa, Yaya ba zai zo ba sai Nuwamba."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Na yi mata bayani dalla-dalla, da yatsu biyar. Ta dubi ƙofar ɗakin Baba, ta dubi masar da ta fara ƙonewa, idonta ya kawo ruwa.

"To ni yanzu me zan roƙa?" ta ce. "In roƙa wa inda yake cin abinci faɗuwa?"

Ashe Baba yana jin mu. Daga kan gado ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Kada wanda ya yi wa mutanen nan mugun baki a gidana. Sun riƙe mini ɗa da amana."

Inna ta share ido da bakin mayafi ta juya masarta. Ba ta fasa sadakar ba, niyyar kawai ta sauya: Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ni dai ba zan yi ƙarya ba, ban kai ta hali ba. A sujadata ƙarara nake roƙon a lallasa su.

Ranar ƙarshe ta Satumba suka ƙare a saman rukuninsu, cinsu da faɗuwarsu kusan kunnen doki. Yaya ya kira yana ba da haƙuri, ya ce ko masu ƙungiyar ba su zaci haka ba. Ya tambayi jikin Baba. Na ce da sauƙi, na kashe wayar na yi kuka a bayan kanti. A makon ne Baba ya daina iya sallah a tsaye.

Zagayen farko wasa uku ne, wanda ya fara cin biyu ya wuce. Aka haɗa su da wata ƙungiya daga rukuni mai zafi, wadda ta fi su cin wasanni nesa ba kusa ba amma ba ta samu ta ɗaya a nata rukunin ba. A nan asirin na su Yaya ya tonu. Wasan farko aka yi musu dukan kawo wuƙa. Washegari da asuba na buɗe wayar, na ga an sake maimaita musu. Na ruga tsakar gida ba ɗankwali ina ihu, "An cinye su! Inna, an cinye su!" Maƙwabciyarmu, wata Bamosa, ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya, wa aka cinye muke murna haka.

Bayan kwana shida Yaya ya shigo gidan. Da ya ga Baba sai jakar ta faɗi daga hannunsa, ya juyo ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Ya durƙusa a bakin gado. Baba ya dafa kansa, ya daɗe yana shafa furfurar da bai san da ita ba, sannan ya ce, "Ka gama musu aikin?"

"Na gama, Baba. Ni na rufe filin."

"To madalla. Yanzu zauna."

Kwana goma sha tara suka yi tare. Yaya ne ke yi masa alwala, shi ke fito da shi hantsi, shi ya sa shi a kabari da hannunsa. Da ƙungiyar nan ta kai har wasan ƙarshe na kofi, da sai dai ya zo karɓar gaisuwa.

Har yau Inna tana soya masarta duk Juma'a, tana roƙa wa masu gidan wancan alheri. Sai dai ta ƙara wasu a cikin addu'ar. Ba ta san sunansu ba, ba ta san garinsu ba. Cewa take yi, "Da bayin Allahn nan da suka doke su suka sako mini shi, Allah ya saka musu." Ni kuma duk inda nake a gidan, sai na ce amin.