Rumfar Kawu Bitrus a Lambun Malam Garba

Shekara bakwai ke nan da muka binne Kawu Bitrus, ƙanen mahaifiyata, kuma bana ne karon farko da na ji wani sashe na zuciyata yana cewa gara da ba ya nan ya ga halin da muke ciki. Allah ya gafarta mini wannan magana, amma haka nake ji.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu ba fasto ba ne. Mai gyaran injin ban ruwa ne da ya baro Filato yana saurayi ya zauna a Birnin Kebbi, daga baya ya ɗauko ni ya sa ni makaranta. A majami'armu bencin baya yake zama, rigarsa kullum da ɗan tabon baƙin mai. Amma duk wanda duniya ta yi wa zafi, ko addu'a ta bushe masa a baki, shagon Kawu yake nufa, har da fastocin kansu.

Sana'ar ce ta haɗa shi da Malam Garba, wani manomi Musulmi mai lambun mangwaro a bakin fadama kusa da Argungu. Gyaran inji ya kai shi, abota ta zaunar da shi. Malam Garba ya kafa masa rumfar zana a ƙarshen lambun, kuma kowace shekara, mako guda kafin Ista, daidai lokacin da mangwaro ke nuna, Kawu kan kwashe mu, mazan ikilisiya, mu je can mu yi kwana uku. Keɓewa yake kiran abin.

Dokar keɓewa ba ta da wuyar faɗa, wuyar bi take da ita. Da mun isa, Kawu zai zagayo da buhu kowa ya jefa wayarsa da agogonsa, ya ɗaure ya miƙa wa Malam Garba. Ba waƙa, ba wa'azi, ba hira. Azumi ne da karatun Maganar Allah da yin shiru. Sai ya riƙa jan mu ɗaya bayan ɗaya, ku bi gefen magudanar ruwa kuna tafiya, ya yi maka tambaya guda: "Ɗan nan, me ke hana ka barci?" Daga nan ya kama bakinsa. Idan ka yi ta kame-kame, sai ya ce, "Ba a gyaran inji yana kunne, kashe shi tukuna." Shekarar da ɗanmu na fari ya rasu, a kan wannan hanyar na faɗa masa cewa fushi nake da Allah. Na zaci zai tsawata mini. Ya ce, "To ni kake gaya wa? Je ka gaya masa, ya fi ni haƙuri." Na je ƙarƙashin wata bishiya na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Tunda ba agogo, da me muke sanin lokacin addu'a? Da ladanin ƙauyen. Ya kira asuba, mu tashi. Ya kira azahar, mu taru a rumfa mu durƙusa mu yi tamu cikin sunan Yesu, Malam Garba yana can gefe a kan buzunsa yana tasa. Wani ya taɓa yi wa Kawu ƙorafi, sai ya ce, "Maƙwabcinka ya tashi neman Allah, kai kana kwance kana jiran ƙararrawa? Ba ka jin kunya?" Shi kuwa Malam Garba, in masu wucewa gona suka ɗaga murya, zai taso ya ce su sassauta, baƙinsa suna ibada.

Bayan rasuwar Kawu mun ci gaba da zuwa, sai dai kowace shekara motar ƙara yi mana faɗi take yi. Ban zargi kowa ba. Labaran 'yan bindiga da ake ji daga ƙauyuka ba tatsuniya ba ne, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Wace mace ce za ta yarda mijinta ya kwana a bakin fadama, wayarsa a cikin buhu? Matasanmu kuma sun zo da tasu: ta yaya Kirista zai jira ladan ya tashe shi addu'a? Can Argungu ma, na ji ana yi wa 'ya'yan Malam Garba gunaguni a kan baƙin da babansu ke saukewa. Kowane ɓangare ya fara kallon ɗan'uwansa da gefen ido, ni abin da ya fi 'yan bindiga ba ni tsoro ke nan.

Saboda haka bana dattawa suka yanke cewa a yi keɓewar a zauren majami'a, nan unguwar Gesse, da mai gadi a ƙofa, da janareta, da lasifika, da baƙon mai wa'azi. Rigakafi ya fi magani, in ji su, ni ma ban iya musa musu ba. Amma don Allah, keɓewa da lasifika! Na yi ta tambayar kaina me Kawu zai ce. Tsakanina da Allah, ban sani ba. Mutum ne da ba ya wasa da ran jama'a, ƙila shi zai fara cewa a zauna gida. Ƙila kuma ya tambaye mu wace shekara ce muka taɓa zuwa lambun nan babu abin tsoro a duniya.

Ni aka ɗora wa kai wa Malam Garba saƙon, tunda ni ne ɗan gida. Makon jiya na shiga mota zuwa Argungu, duk hanya ina shirya kalmomi ina rushewa. Na tarar da Malam Garba a zaure, tsufa ya kama shi, idanun sun tafi gaba ɗaya. Da sallamata ya gane ni. "Dauda ɗan Bitrus!" in ji shi. Ban gama gaisuwa ba ya fara ba ni labari: ya sa an sake wa rumfa zana, an share ƙarƙashinta, an kai randa sabuwa, mangwaro kuma bana ya yi kyau. Sannan ya juyo da fuskarsa inda muryata take ya ce, "Ku nawa na bana?"

Na kalli tsohon nan da ya sha magana a garinsu saboda mu, bai taɓa faɗa mana ba, na ji bakina ya ce, "Baba, sauran ba za su samu zuwa ba. Ni dai ina nan tafe."

Sai ya ce, "To mi? Shekarar hwarko Bitrus shi ɗai yaz zo."

Ban taɓa sanin haka ba. Na dawo na faɗa wa matata Saratu abin da na yi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Idan wani abu ya same ka, wa ka bar mana?" Gaskiya ce ta faɗa, kuma tun ranar barcina bai cika ba.

Kawu bai bar gadon gida ba, shagonsa ma wani ke ciki yanzu. Da na zauna ina lissafa abin da ya rage nasa, ban ga komai ba sai rumfar zana a filin wani, wadda ba za ta tsaya ba sai in akwai mai buɗe ƙofa da mai shigowa. Zumunta a ƙafa take. Mai buɗe ƙofar ya tsufa, ya makance, amma bai fasa ba. Idan wannan shekara ta wuce ba wanda ya je, na san zanar za ta ruɓe, kuma 'ya'yana da jikokinsa za su tashi ba su san an taɓa yin haka a ƙasar nan ba.

Ista ta kusa. Tsoro nake ji, Kawu, tsoro sosai, kuma ba ka nan ka tambaye ni me ke hana ni barci. Amma Malam Garba ya riga ya share rumfar.